Jarrabawar Shiga Makarantun Kasuwanci: Abin da Take Aunawa da Yadda Ake Shirya Mata

Wannan lacca ce da aka gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai. Mun buga ta kamar yadda mai laccar ya ba mu a rubuce.



Sa'ad da Sakataren Ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya ce in yi magana a kan hanyar samun digiri na biyu a fannin tafiyar da harkokin kasuwanci, watau digirin da ake kira MBA, sai na tambaye shi abin da ya sa aka zaɓe ni. Ya ce ai don na ci jarrabawar shiga ne. Na ce masa in don wannan ne, to, an yi zaɓen tumun dare, domin kuwa kafin in ci sai da na faɗi. Amma na karɓi gayyatar, saboda abin da faɗuwar nan ta koya mini ya fi abin da cin ya koya mini, kuma shi na zo in shimfiɗa a gabanku yau.

Bari mu soma da asalin abin. Koyar da kasuwanci a jami'a ba tsohon abu ba ne, in an gwada shi da koyar da shari'a ko likitanci. A Amurka, wani attajiri mai masana'antar ƙarfe, Joseph Wharton, shi ya ba da kuɗi aka kafa makarantar kasuwanci a Jami'ar Fensilbaniya a 1881. A 1900 aka buɗe Makarantar Tuck a Kwalejin Dartmouth domin waɗanda suka riga suka sami digiri na farko, sa'an nan a 1908 Jami'ar Harbad ta fara ba da digirin MBA. Turai ta biyo baya daga bisani: an kafa INSEAD a Faransa a 1957, aka kuma kafa ta Landan wajen tsakiyar shekarun 1960. A nan gida Makarantar Kasuwanci ta Legas ta fara aiki a 1991, ko da yake tun kafin nan jami'o'inmu suna koyar da fannin, kuma Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki da ke Kongo a Zariya ta daɗe tana horad da ma'aikata tun ba a kafa Jami'ar Ahmadu Bello ba a 1962.

Da masu neman shiga suka yi yawa a Amurka, sai wata matsala ta taso. Ga mutum ya karanta injiniya a wannan jami'a, ga wani ya karanta tarihi a waccan, kowa da irin makin da malamansa suka ba shi. Da wane mudu za a auna su? A 1953 wakilan makarantu tara suka zauna da hukumar shirya jarrabawa ta ETS, suka amince a yi mudu guda. Aka fara zana jarrabawar a 1954, a 1976 aka raɗa mata sunan da muka san ta da shi yanzu, watau GMAT. A 1997 aka bar takarda da fensir aka koma kwamfuta. A ƙarshen 2023 aka sake mata fasali ɗungum, aka daina tsohon tsarin a farkon 2024. Na jaddada wannan na ƙarshe ne domin na san akwai tsofaffin littattafai da ke yawo hannu-hannu a ɗakunan kwananku, yayyenku suka bar muku gado. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wanda ya kwana yana bitar gyaran jimlolin Turanci ko lissafin kusurwoyi da da'ira saboda GMAT, to, ya yi wa wani aiki, don an cire su, an kuma cire rubutun insha'i.

Ga yadda take a yanzu. Kashi uku ce, kowane kashi minti 45, jimla awa biyu da kwata, da hutun minti 10 ga mai so. Kashin lissafi tambaya 21 ne, ba a kuwa yarda a taɓa na'urar lissafi a cikinsa ba. Kashin fahimtar rubutu da auna hujja tambaya 23 ne. Kashi na uku, wanda zan kira nazarin bayanai, tambaya 20 ne, a nan ne ake kawo jadawali da zane-zanen ƙididdiga da takardu iri-iri a ce ka fid da ma'ana. Kai za ka zaɓi kashin da za ka fara da shi. Maki yana tashi daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki har shekara biyar. Hukumar da ke da jarrabawar, watau GMAC, ta bayyana cewa 645 a sabon ma'auni daidai yake da 700 a tsohon, saboda haka kada wani yayanku ya tsorata ku da makinsa na da.

In kun raba minti 45 da tambaya 21 za ku ga kowace tambaya minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

Akwai wata dabara a cikin jarrabawar nan wadda ba mu saba da ita ba. Kwamfutar tana kallon amsarka kafin ta zaɓo tambaya ta gaba. In ka amsa daidai sai ta ƙara maka nauyi, in ka kuskure sai ta sassauta, har ta gano iyakar ƙarfinka, kamar yadda mai jaki yake ƙara kaya kaɗan-kaɗan yana duban ƙafafun dabbarsa. Ma'anar wannan ita ce, ko kai wane ne, sai ka gamu da tambayar da ta fi ƙarfinka. Haka aka gina abin. Ɗalibin da ya saba zama na ɗaya tun daga firamare, wanda bai taɓa barin tambaya ba tare da ya ga bayanta ba, shi ne wanda wannan tsari ya fi kayarwa.

Ni ne wannan ɗalibin. Ran da na fara zama, a tsohon tsari, na gamu da wata tambayar lissafi tun ban yi nisa ba. Na ce a raina, ni da na ci lissafi a sakandare da daraja ta ɗaya, wannan ba za ta gagare ni ba. Na yi ta kokawa da ita, na goge, na sake. Da na ɗaga kai na dubi agogo, minti tara sun wuce. Watau na sayar da tambaya huɗu na sayi guda ɗaya, kuma har yau ban tabbata na amsa ta daidai ba. Lokaci ya ƙare mini da sauran tambayoyi a gaba, ga shi kuwa barin tambaya ba amsa yana jawo ragin maki mai tsanani. Na fito na hau mota zuwa gida, kuɗin da na tara na wata da watanni sun tafi, ban iya yi wa kowa magana ba sai da muka yi rabin hanya.

Daga baya ne na gane abin da ake aunawa. Jama'a, lissafin da ke cikin GMAT bai wuce na sakandare ba: kaso cikin ɗari, rabo, riba da hasara, gudu da nisa, ɗan aljabara. Ba ilminka ake nema a gani ba, takardar digirinka ta riga ta shaida wannan. Ana so a ga yadda kake yanke shawara alhali lokaci ya ƙure, bayani bai cika ba, kuma ba ka da ikon cin kowane yaƙi. Wannan kuwa shi ne aikin manaja tun daga safe har yamma. Wanda ya san tambayar da ya kamata ya saki, ya yi mata kintace ya wuce domin ya ceci guda uku a gaba, ya riga ya nuna halin da ake nema. Sabon tsarin ma ya yi sauƙi a nan, domin kana iya yi wa tambaya alama, in lokaci ya rage a ƙarshen kashin ka komo ka sake amsa har guda uku.

Bari in ba ku misali na ƙirƙira da kaina, irin na tambayoyin da ake kira isuwar bayani, waɗanda ke cikin kashi na uku. A irin wannan tambaya ba a ce ka faɗi amsa ba. Ana ba ka tambaya da magana biyu, a ce ka faɗi ko bayanin ya isa a samo amsa. Zaɓi biyar ne kullum: ta farko kaɗai ta isa, ko ta biyu kaɗai ta isa, ko sai an haɗa su, ko kowace ita kaɗai ta isa, ko kuwa ko an haɗa su ba su isa ba.

Tambaya: nawa ne kuɗin buhun masara guda? Magana ta farko: buhu 2 na masara da buhu 3 na gero sun tashi naira 190,000. Magana ta biyu: buhu 6 na masara da buhu 9 na gero sun tashi naira 570,000.

Na ga 'yan sashen lissafi suna murmushi. Yawancinmu za mu ce, abu biyu ne ba a sani ba, ga kuma magana biyu, saboda haka in an haɗa su an gama. Haka aka koya mana, haka muka haddace. Amma ku sake dubawa. Magana ta biyu ba ta kawo wani sabon labari ba, ta farko ce aka ninka sau uku. Shaida guda ne ya sake riga ya dawo kotu. Ko an haɗa su, ba za a san kuɗin masara ba. To, yanzu bari in juya tambayar: nawa ne buhu 4 na masara da buhu 6 na gero? Nan take ta farko kaɗai ta isa, ka ninka ta biyu ka sami 380,000, ta biyu ma ita kaɗai ta isa, ba tare da ka taɓa sanin kuɗin buhu guda ba. Ku ma'aikata da ke zaune a baya, sau nawa fayil ya shekara a kan tebur ana cewa a ƙaro bayani, alhali abin da ke ciki ya isa a yanke hukunci? Sau nawa kuma aka yanke hukunci a kan rahoto biyu waɗanda asalinsu bakin mutum ɗaya ne?

Ga wani misalin, na kashin auna hujja. Manajan wata masaƙa ya buɗe wa ma'aikata ɗakin cin abinci kyauta a watan Nuwamba. Kafin Janairu fashin zuwa aiki ya ragu da rabi. Sai ya rubuta wa hukumar daraktoci cewa abincin ne ya kawo wannan, a ƙara masa kuɗi. Za a tambaye ka: wace magana ce, in ta tabbata, za ta fi raunana hujjarsa? Duk wanda ya tashi a karkara ya san inda zai duba. In yawancin ma'aikatan nan suna da gonaki, to, fashinsu na damina da kaka ne, kuma da an gama girbi za su dawo ko da abinci ko babu. Abu ya biyo bayan abu ba ya nufin shi ya haife shi. Ba a bukatar kalmomin Turanci masu tsawo a nan. Ana bukatar mutumin da in an kawo masa zance zai tambayi kansa: mene ne mai maganar nan ya ɗauka tabbas ne, bai kuwa faɗa ba?

A nan ne nake ganin tarbiyyar karatunmu ta rage mu. Tun muna yara an hore mu da hadda, kuma hadda baiwa ce, ban raina ta ba. Amma mun taso a inda malam ke karanto darasi mu rubuta, ran jarrabawa mu mayar masa da kayansa yadda ya ba mu, wanda ya fi mayarwa ba ragi shi ne gwani. An kuma koya mana cewa ja da maganar babba rashin kunya ne. Sai ga jarrabawa wadda ba abin haddacewa a cikinta, wadda kuma kashi guda nata kacokan neman ɓaraka ne a cikin maganar wani. Wannan gyara ba ya yiwuwa a mako biyu. Ba a fafe gora ran tafiya.

To, yaya za a shirya? Shawarata ita ce mutum ya ba kansa wata uku zuwa huɗu in yana aiki, awa ɗaya ko biyu kowace rana, gara da asuba kafin hayaniya ta tashi. Ka fara da jarrabawar gwaji cikakkiya, da agogo, tun ba ka buɗe littafi ba. GMAC tana ba da guda biyu kyauta a shafinta na intanet, tana kuma buga littafin tambayoyi na ainihi waɗanda aka taɓa yi. Makin farko zai ɓata maka rai. Bar shi ya ɓata, shi ne zai nuna maka inda ciwon yake.

Abin da ya fi yi mini amfani a zama na biyu shi ne wani ɗan littafin rubutu na kwabo-kwabo da na sa wa suna littafin kurakurai. Duk tambayar da na faɗi, sai in rubuta dalili: ban san ƙa'idar ba ne, ko ban karanta tambayar da kyau ba, ko gaggawa ce, ko kuwa tarko aka ɗana na faɗa. Bayan wata guda na duba, sai na tarar mafi yawan kurakuraina ba na rashin sani ba ne, na rashin natsuwa ne. An tambayi ribar, ni kuwa na ba da kuɗin sayarwa. Tambaya ɗari da aka bi diddiginsu haka sun fi dubu da aka yi a guje.

Game da lissafin ka, ku ajiye wayoyinku ku koma irin na iyayenmu mata masu sayar da ƙuli-ƙuli, waɗanda ke ba da canji ba su taɓa alƙalami ba. Game da Turanci kuwa, magani ɗaya ne: karatu kullum, na abin da ba ka so. Za a kawo maka rubutu a kan ilmin taurari ko tarihin ƙungiyoyin ƙwadago ko rayuwar ƙwari, a ce ka fahimce shi cikin minti uku. Ka riƙa karanta maƙala guda mai nauyi kowace rana, irin na mujallar The Economist, ka rufe ta, ka faɗi a jimla biyu abin da marubucin ke son tabbatarwa da hujjar da ya dogara a kai. In kun sami ku uku ko huɗu kuna haɗuwa kuna gardama a kan amsoshi, ya fi kyau. Ku yi hattara da masu cewa suna da tambayoyin da za su fito, ko za su zauna maka. Hukumar tana soke sakamako tana kuma hana mutum sake zama, makarantu su ma suna korar wanda aka kama ko da ya riga ya shiga.

Ana zana ta a cibiyoyi na musamman, ana kuma iya yi daga gida ta intanet. Amma wanda ya san halin wutar lantarki da na sadarwa a unguwarsu ya yi tunani sau biyu kafin ya zaɓi ta gida. Ka tanadi fasfo tun da wuri, sunan da ke ciki kuma ya dace harafi da harafi da wanda ka yi rajista da shi. Mu da ake rubuta Muhammad ɗinmu iri huɗu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. In ba ka gamsu da makinka ba kana iya sakewa bayan kwana 16, amma ba fiye da sau biyar cikin wata goma sha biyu ba. Akwai kuma jarrabawar GRE ta hukumar ETS, wadda makarantun kasuwanci da yawa suke karɓa a madadin GMAT. An taƙaita ta a 2023 ta koma ƙasa da awa biyu, ta fi kuma nauyi wajen sanin kalmomi. Ka gwada duka biyun kafin ka biya kuɗin ɗaya.

Daɗa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Maki mai kyau ƙofa kawai yake buɗewa a karanta takardunka. Bayansa akwai insha'in da za ka bayyana ko kai wane ne da abin da kake nufin yi, da wasiƙun shaida daga waɗanda ka yi aiki a ƙarƙashinsu, da ganawa ta baka. Kada ka je neman wasiƙa wurin wani babban mutum da bai san ka ba don kawai sunansa. Shugaban sashenka wanda zai iya cewa ga ranar da ka ceci wani aiki, ga yadda ka yi, ya fi shi amfani nesa. Manyan makarantun nan kuma ba su cika ɗaukar wanda ya fito daga jami'a jiya ba. Yawancin ɗalibansu sun yi aiki shekara huɗu ko biyar. Dalilin yana cikin yadda ake koyarwa. A Harbad, alal misali, ɗalibi yana nazarin labarin matsalolin kamfanoni na gaskiya wajen 500 cikin shekara biyu, a aji mai mutum kusan 90, malami ya nuna ka ba zato ya ce, da kai ne manaja me za ka yi? Abin da ka faɗa a aji yana iya kai rabin makinka. Wanda bai taɓa riƙe ko da ɗan ƙaramin ofis ba, me zai kawo wa wannan zaure? Saboda haka ku 'yan ajin ƙarshe, ku yi bautar ƙasa, ku kama aiki, ku yarda a ɗora muku nauyi. Tun da sakamakon yana kai shekara biyar, ba laifi ku zana jarrabawar tun lissafi bai tsere muku ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son yi a bainar jama'a, amma dole. A 2024 kuɗin zana GMAT a cibiya dala 275 ne a Amurka, farashin kuma yana ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A shekarar nan kuɗin makaranta kaɗai a Harbad ya haura dala 70,000 a shekara, ban da ci da sha da wurin kwana. Kowa a nan ya san abin da ya sami naira tun daga watan Yuni na 2023, ku buga lissafin da kanku. Makarantun Turai da yawa shekara ɗaya suke yi, na INSEAD ma wata goma ne, wannan yana rage nauyi. Akwai tallafin da makarantun kansu ke bayarwa, kuma maki mai kyau yana taimakawa wajen samunsa. Akwai na Chevening na Gwamnatin Ingila, wanda ke bukatar shekara biyu na aiki, da alkawarin komowa gida na shekara biyu bayan an gama. Bashin karatu kuwa da ruwa yake zuwa, kuma da dala ake biyansa. Wanda zai dawo ya karɓi albashi da naira ya auna wannan da aljihunsa da kuma addininsa tun bai sa hannu ba. Ku ma'aikata kuma, ku nemi izinin hutun ƙaro ilmi a rubuce kafin ku tafi, ku karanta sharuɗɗan yarjejeniyar da za a ɗaure ku da ita. Na san wanda ya dawo da digiri ya tarar an cire sunansa daga jerin masu albashi.

Ba kuwa kowa ke bukatar ƙetare teku ba. Jami'o'inmu da dama suna ba da MBA, har da na ƙarshen mako ga ma'aikata, yawancinsu kuma ba su neman GMAT. In nufinka ka riƙe masana'antar mahaifinka a Sharaɗa ko Bompai, wataƙila abokan ajin da za ka samu a gida su fi yi maka rana. Digirin ma kansa yana da masu suka. Farfesa Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada ya fid da littafi a 2004 yana cewa ba a ƙera manaja a cikin aji, kuma makarantun suna yaye mutane masu gwanintar nazari waɗanda ba su san aikin da za su shugabanta ba. Ina ganin yana da gaskiya fiye da rabi. Attajiran Kantin Kwari da Dawanau da yawa ba su taɓa jin sunan GMAT ba, amma tambayar masara da geron nan ba za ta kama su ba. Abin da makarantar ta ƙara mini, ni dai, shi ne iya karanta littafin kuɗin kamfani in san inda aka ɓoye rauni, da iya zama da mutanen ƙasashe ashirin in kare ra'ayina ba tare da na ji kunya ko na yi fushi ba.

Na ga Shugaban taro yana duban agogonsa a karo na biyu, ni kuwa na riga na faɗa muku abin da rashin duban agogo ya jawo mini. Na zo da littafin kurakuran nan nawa, yana nan a kan tebur ga mai son dubawa bayan an tashi, sai dai a yi haƙuri da rubutun hannuna. Shugaba, na mayar maka da zaure domin tambayoyi.